Kurakuran da muke yi wajen sallamar mai tausa, mai ƙunshi da wanzami

Makon jiya ma sai da na sake gani a wani gidan biki nan Garwa, a arewacin Kamaru. Mai ƙunshi ta zauna wa amarya tun bayan azahar har aka kira isha'i, ta zana mata hannu da ƙafa, wuyanta ya sage. Da aka zo sallama sai aka miƙa mata ragowar shinkafa a leda, aka ce Allah Ya saka. Yarinyar ta karɓa ta fita, ba ta ce uffan ba. Na gaji da ganin haka, musamman daga sababbin matan aure da samarin da suka fara riƙe kuɗi.

Tushen matsalar shi ne cakuɗa lada da ihisani. Lada haƙƙi ne, kuɗin aikin da aka yi. A hadisi an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka yi masa ƙaho ya biya mai ƙahon. Ihisani kuwa, ko goro, ko abin da masu Faransanci ke kira purbuwar, ƙari ne a kan lada. Wanda ya rage lada sannan ya miƙa sefa 100 yana cewa ga na goro, bai yi kyauta ba, bashi ne har yanzu a kansa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ni na yi shi da kaina. Haihuwata ta fari, wata tsohuwa ce ta yi mini wankan jego. Inna muke ce mata. Kwana 40 tana zuwa safe da yamma, ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta tausa mini baya da ƙugu da man kaɗanya, ta wanke jariri, ta gasa masa cibi. Lokacin zafin Maris ne, wanda ya san Garwa ya san abin da tsayuwa gaban tukunya ke nufi a watan nan. Ranar da muka yi arba'in na tambaye ta nawa ne. Ta ce, "Haba 'yata, tsakanina da ke? Bar shi kawai." Na sake tambaya, ta ce, "To, abin da ya sauƙaƙa." Sai na ɗauki maganar yadda ta fito. Na ba ta jaka 2, wato sefa 2,000, da sabulu, na yi godiya.

Jaka 2, a kan zuwa 80! Uwata tana Ngaundere a lokacin, da ta ji a waya sai da ta yi salati. Ta ce mini "bar shi" a bakin tsohuwa kunya ce da kara, tana ba ki dama ne ki nuna tarbiyyarki. Ungozoma tana da kasonta na naman suna, tana da turmin atamfa, da hatsi, da sabulu, da kuɗi mai kauri, kuma ba ita za ta buɗe baki ta lissafa miki ba. Na yi niyyar gyarawa, kunya ta hana ni, na yi ta ɗagawa har shekara ta zagayo. Da na zo haihuwa ta biyu na aika mata, ta ce ƙafa ta matsa mata. A wannan makon da ta faɗi haka kuwa an gan ta tana yi wa wata wankan jego a gidan maƙwabta. Na yi jegon nan da ciwon bayan da ya bi ni watanni, hannuwa uku suka gwada, babu wadda ta san jikina kamar ta. Sai da na ɗauki atamfa da kuɗi na je har ɗakinta na durƙusa na ce, "Inna, na yi ƙuruciya," sannan ta saki fuska.

Tun daga nan ba na tambayar mai aiki farashi idan na san ba za ta faɗa ba. Mata biyu ko uku nake tambaya a unguwa abin da suka bayar, in ɗauki na tsakiya, in ɗora wani abu a kai. Kuma ba na jiran ranar ƙarshe. Aiki mai tsawo nakan raba sallamarsa uku, farko da ranar suna da ranar arba'in, domin ita ma tana da tukunyar da za ta ɗora yau. Haka nake yi da maɗori, shi ma ba ya yanka kuɗi, kuma mutane sukan fake da hakan su cuce shi.

Kuskure na biyu shi ne ba da ihisani ta hannun wani. Bikin ƙanwata, mun kai ta wani shagon gyaran jiki na matan da suka koyo sana'ar daga Cadi, dilka da halawa da turare. 'Yan mata 3 ne suka yi ta murzar ta har mako guda, yatsunsu suka yi kanta. Na biya kuɗin shago cif, sannan na ba uwar shagon jaka 15 na ce a raba wa yara. Bayan wata biyu na haɗu da ɗaya daga cikinsu a babbar kasuwa, ta gaishe ni a daƙile. Da na matsa, ta ce ko sisi ba su gani ba, kuma ana ta faɗa cewa gidanmu ba a moruwa. Kuɗina ya tafi, sunan gidanmu ya ɓaci, yaran kuma sun tashi a tutar babu. Ku ji ni da kyau: kuɗin da aka rubuta a bango na mai shago ne, ihisani na hannun da ya taɓa jikinki ne. Ki naɗe shi, ki kira yarinyar gefe, ki saka mata a tafi da hannun dama. Ko a otal ɗin Njamena mai na'urar sanyi kika yi tausa, kada ki bar shi a teburin karɓar kuɗi.

Ku kuma maza, ga taku. Wanda ya ba mai tausa ƙarin kuɗi yana sa ran ta biya shi da wani abu da ba aikinta ba, ya ji tsoron Allah. 'Yar wani ce, neman halal ya fito da ita. Irinku ne suka sa iyaye ke hana 'ya'yansu sana'ar, har mai shanyewar ɓarin jiki ya rasa mai matsa masa ƙafa.

Akwai kuma masu kwaso lissafin ihisanin kashi 20 cikin 100 daga bidiyon Amurka. A can dokar tarayya ta yarda a biya mai hidimar gidan abinci dalar Amurka 2 da 'yan kai a awa, tun 1991 adadin bai motsa ba, don haka abin da baƙi ke bari shi ne ainihin albashinsa. A Japan kuwa ba a bayarwa ma sam. Kowace ƙasa da tsarinta. A nan kashi 10 na askin sefa 500 sefa 50 ne, ko ruwan sanyi da ƙyar. Ni awanni nake dubawa da wahala. Askin yarona na 500 nakan cika 700. Kitson da ya ci yini nakan ƙara jaka 1 da abincin rana. Wadda ta zo gida, kuɗin babur ɗinta zuwa da komawa a kaina yake, kuma ba na lissafa shi cikin ihisani.

Sauran ƙanana ne. Kada ka miƙa takardar jaka 10 kan aikin 500 ka tsaya jiran canji, ka san yadda silalla ke wuya a ƙasar nan, ko da yake BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fito da sababbi a Afrilun 2025 har da na 200. Yagaggiyar takardar da mai tireda ya ƙi ba ta zama kyauta. Sefar Nijar ba ta ci a kasuwarmu, sai an kai ta wurin 'yan canji an rage. In za ka tura ta Orange Money ko MTN, ko Airtel Money a Cadi, haɗa da kuɗin cirewa. Baƙo ya lura da ƙidayar tsofaffi: dala sefa 5 ce, dala 20 sefa 100 ke nan, haka riyal yake a bakin Larabcin Cadi. Kada ki ƙirga kuɗin a gaban jama'a, kada kuma ki yi ta maimaitawa gobe cewa kin ba ta.

Jajibirin Sallah, wanda ya cusa wa mai aski ƙarin kuɗi don ya tsallake yaran da suka yi layi tun la'asar, cin hanci ya bayar, kuma yaran suna kallo. In kuwa aljihu babu nauyi, ki faɗa wa mai kitso tun kafin ta tsefe kan, ki ce, "Yaya, iyakar abin da ke hannuna ke nan." Yawancinsu za su ce zauna. Ranar da kika samu, ki aika mata da cikon har gida.