Yadda Kirista Zai Koyi Yi wa Allah Godiya ta Gaskiya

Duk wanda ya zauna a Jos ya san cewa kalmar godiya ba ta yi mana wuya a baki. Idan ka bi ta Farin Gada da sassafe, lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji cikin sanyin hunturu, ka tambayi mai kaya yaya aiki, zai ce maka da godiya. Ka tambayi direban da ya kwana a hanya yaya gajiya, shi ma zai ce mun gode Allah. Wannan al'ada ce mai kyau, ba na kushe ta, amma tana da haɗari guda, wato harshe yana iya sabawa da kalmar har ya riƙa furta ta sau ashirin a yini zuciya ba ta san an yi ba. Abin da Littafi Mai Tsarki ke kira godiya ya fi amsa gaisuwa nauyi, kuma abu ne da ake koya kamar yadda ake koyon sana'a.

Wurin da ya kamata a fara shi ne labarin kutare goma da ke cikin Luka 17:11-19. Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, ta kan iyakar Samariya da Galili, sai mutum goma masu kuturta suka tsaya daga nesa suna roƙonsa jinƙai. Ya umarce su su je su nuna kansu ga firistoci, domin bisa ga Shari'ar Musa firist ne ke tabbatar da cewa kuturu ya tsarkaka kafin ya koma cikin jama'a. Suna cikin tafiya suka warke. Ɗaya ne kaɗai ya juyo, ya faɗi a gaban Yesu yana gode masa, shi kuwa Basamariye ne. A ganina sauran taran ba mugayen mutane ba ne, kuma babu shakka sun yi murna, watakila ma sun yi ta cewa mun gode Allah a hanya. Suna gaggawar ganin iyalansu ne bayan dogon lokaci na wariya, wanda kowa zai fahimta. Duk da haka Yesu ya tambaya ina taran suke. Bambancin da ke tsakaninsu da na goman shi ne komowa, wato ya katse tafiyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa wurin wanda ya yi masa alherin. Duk matakan da ke biye hanyoyi ne na wannan komowar.

Da farko ka yanke wa godiya lokacinta, kada ka jira sai ranar da ka ji tana taso maka. Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana a ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima, yana addu'a yana yi wa Allahnsa godiya. Sa'ad da Sarki Dariyus ya sa hannu a dokar da ta hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, Daniyel 6:10 ta nuna cewa ya ci gaba kamar yadda ya saba. Da bai saba ba a kwanakin lafiya, da wuya ya iya a ranar da ramin zakoki ke jiransa. Ga ma'aikacin da ke fita tun da asuba ko 'yar kasuwar da ba ta dawowa daga Taminus sai magariba, sau uku na iya yin yawa a farko. A fara da ɗaya, minti biyar kafin barci ko a ƙarshen sujadar iyali, amma ya zama lokacin da ba a taɓawa.

Mataki na biyu ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi muka fi sakaci da shi. Ka kira abin da kake godiya dominsa da sunansa. A Zabura 103 Dawuda ya gargaɗi ransa kada ya manta da alheran Ubangiji, sa'an nan ya shiga lissafa su, gafarar zunubi, warkarwa daga cuta, fansa daga kabari. Zabura 136 kuwa, mai ayoyi 26, tana ambaton rana da wata, da raba Bahar Maliya, har da sunayen sarakunan da aka ci da yaƙi, Sihon da Og. Na taɓa kwana a gidan wani dattijon ikkilisiya a Bukuru, inda bayan an karanta Nassi kowa yakan faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa. Da aka zo kan ƙaramin ɗansa, yaron ya ce ya gode domin lafiya, yana hamma. Uban ya ce, "Auta, lafiyar wa, kuma ta yaushe?" Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, tarin da Mama take yi da dare ya daina." Uwar ta ɗago kai ta dube shi, domin ba ta san ya lura ba. Addu'ar da aka yi a daren ta bambanta da wadda za a yi da an bar shi a kan kalmar lafiya kawai. Godiyar da aka yi a dunƙule ba ta buƙatar tunani, amma wadda aka ambaci abu da sunansa tana tilasta wa mutum ya sake bin yininsa daki-daki.

Bayan haka ka kafa wa kanka abin tunawa, domin mutum mai mantuwa ne. Bayan da Allah ya ba Isra'ilawa nasara a kan Filistiyawa, Sama'ila ya kafa dutse kusa da Mizfa ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako. Ƙaramin littafin rubutu ya isa ya zama naka dutsen. Ka rubuta kwanan wata da abin da ka roƙa, ka bar fili a gefe domin ranar da amsa ta zo, ka kuma karanta shi duka a daren shiga sabuwar shekara kafin ka tafi majami'a.

Akwai kuma godiyar da ba ta cika sai ta bi ta wurin mutane. Bulus yakan buɗe yawancin wasiƙunsa da gaya wa masu karatu cewa yana gode wa Allah saboda su, bai ɓoye musu ba. Idan ta hannun maƙwabcinka aka biya kuɗin makarantar ɗanka, ko matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, ne suka riƙa kawo abinci lokacin da kake jinya, ka je ka faɗa musu da bakinka, ko da maƙwabcin ba addininku ɗaya ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Abin da ya fi wuya shi ne godiya a lokacin wahala, kuma a nan nake roƙon masu wa'azi su yi hattara. Mutanen Filato sun binne 'yan'uwa da yawa, wasu sun bar gonakinsu ba da son ransu ba, don haka ba daidai ba ne a tsaya a kan wadda ta rasa mijinta a ce mata ta yi murmushi ta gode. A 1 Tasalonikawa 5:18 an ce a yi godiya cikin kowane hali, amma ba a ce a yi kamar ba a jin zafi ba. Zabura 13 ta fara da tambayar Allah har yaushe, sau huɗu, kafin ta ƙare da alkawarin raira waƙa ga Ubangiji, kuma duka biyun addu'a ɗaya ce. Bulus da Sila a kurkukun Filibi an yi musu dūka da sanduna, ƙafafunsu suna cikin turu, suka yi waƙar yabo da tsakar dare tun kafin ƙasa ta girgiza, ba su san ƙofofi za su buɗe ba. Yesu da kansa, a daren da aka bashe shi, ya ɗauki gurasa ya yi godiya kafin ya gutsuttsura. Hanyar da zan ba mai baƙin ciki ita ce ya fara da faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke damunsa, ba tare da ado ba, sa'an nan ya nemi abu ɗaya tak da bai rushe ba, ko da wanda ya zo masa ta'aziyya ne, ya gode dominsa. Idan yau bai iya ba, 'yan'uwa su yi a madadinsa har ya samu ƙarfi.

Sai gargaɗi game da ranar godiyar kaka, lokacin da ake shigo da dankalin turawa da acca da masara da kaji gaban bagade ana rawa. Asalinta mai kyau ne, domin a Maimaitawar Shari'a 26 an umarci manomi ya kawo nunan fari cikin kwando, ya kuma ba da labarin yadda Allah ya fito da kakanninsa daga Masar. Amma Bafarisiyen da ke cikin Luka 18, ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananin bin Shari'ar Musa, shi ma da godiya ya fara addu'arsa, ya gode wa Allah cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne, kuma bai koma gida baratacce ba, wato Allah bai karɓe shi a matsayin mai adalci ba. Idan ka lura kana auna baikonka da na wanda ke gabanka a layi, ko kana jiran a kira sunanka da adadin kuɗin, ka raba baikon gida biyu. Ka kai rabi gaban ikkilisiya, ragowar kuma ka aika wa gwauruwa ko marayu a unguwarku ta hannun wanda zai riƙe maka sirri.