Yadda nake sake lissafin kalori duk bayan kilo biyar

Na fara rage ƙiba ina da kilo 100, shekaruna 40, tsawona santimita 175. A wata huɗu na farko kilo goma suka zube, har na fara ganin abin ba wuya. Daga nan sai sikeli ya kafe a 90, mako uku ko gezau, alhali a ganina ban ƙara ko loma ɗaya ba. Sai da na zargi sikelin, na canza masa batir, kafin na gane cewa jikin da na yi wa lissafi tun farko ba shi ne nake ɗauke da shi yanzu ba.

Ga yadda ake lissafin farko. Akwai dabarar Mifflin-St Jeor da aka fitar a 1990, wadda ke ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa ko da kwance mutum ya wuni. Ka ninka nauyinka a kilo da 10, ka ninka tsawonka a santimita da 6.25, ka haɗa su, sannan ka ninka shekarunka da 5 ka debe. Namiji ya ƙara 5 a kai, mace ta debe 161. Nawa ya ba da kalori kusan 1,900 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Sai ka ninka wannan da yawan motsinka: 1.2 ga mai wuni a kujera, wajen 1.4 ga mai ɗan zirga-zirga, 1.55 ga mai motsa jiki daidai gwargwado. Ni na ɗauki 1.4, na samu 2,660. Na debe wajen 500, na tsayar wa kaina cin 2,150 a rana, na rufe littafin lissafi ban sake buɗe shi ba. Nan ne kuskuren.

Da na sake lissafin da kilo 90, sai ya sauko zuwa 2,520. Jiki ƙarami ba ya cin abin da babba ke ci, kuma kowane taku da kake yi yanzu kaya mara nauyi kake ɗagawa. Amma ko wannan lambar ta yi mini sassauci. Kevin Hall, mai bincike a Amurka, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa kowane kilo ɗaya da ya tafi yana tafiya da kusan kalori 24 daga buƙatar yini. Kilo goma, 240 ke nan. Dalilin da ya sa ya zarce abin da dabarar ke nunawa shi ne jiki yana tsuke bakin aljihu idan ya ga abinci ya ragu. Ƙonawar hutu, wato abin da jiki ke ƙonawa ko kana kwance, tana ƙara sauka, narkar da abinci kaɗan ba ya cin ƙarfi kamar na mai yawa, kai ma kana rage kai-komo ba tare da ka lura ba. Ni na kama kaina ina aiken yara abin da a da da ƙafata nake tashi in ɗauko.

To, giɓin da na fara da shi na 500 ya koma kamar 270. Ina sauran ya tafi? Cokali babba ɗaya na mai yana da kalori wajen 120. Biyu a rana, waɗanda hannu ke zubawa ba da sanin ido ba, sun cinye kusan duka. Kuma ba wai rashin jajircewa ba ne kawai: wani bincike na 2016 da Hall ɗin ke ciki ya ƙiyasta cewa kowane kilo da aka rasa yana ƙara sha'awar ci da kusan kalori 100 a rana. Yunwa ta fi raguwar ƙonawa ɓarna, nesa ba kusa ba.

Abin da nake yi yanzu, wanda kuma nake ba ka shawara, shi ne ka bar jikinka ya faɗa maka lambarsa. Ka hau sikeli kowace safiya bayan ka zaga, kafin ka ci komai, amma kada ka kula da lambar rana ɗaya. Gishiri, rashin barci, ko al'ada ga mata, suna iya riƙe ruwa kilo guda ko fiye. Matsakaicin mako shi ne abin dubawa. Tare da haka ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako uku, da awo, har da ɗanɗanon da ake yi a tsaye. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori kusan 7,700. Da na koma cin 2,150 na gaskiya, sai na ga ina sauke kwatan kilo a mako, wato giɓin 275 a rana. Na haɗa biyun, buƙatata ta fito 2,425. Wannan lambar na fi yarda da ita a kan ta kowace manhaja.

Idan ka samu taka, ka gyara kaɗan. Ni na rage 100 daga abinci, na ƙara tafiyar rabin awa da yamma. Kada ka zabtare rabin abincinka don haushi. An bi diddigin mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a wani shirin talabijin na Amurka, inda aka sauke nauyi da gaggawa, bayan shekara shida aka tarar ƙonawar hutunsu tana ƙasa da abin da ya dace da girman jikinsu da kusan kalori 500 a rana. Ka riƙa ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako, ka kuma sa furotin, wato abinci mai gina jiki irin su nama, ƙwai ko wake, a kowane ci, don abin da zai tafi ya zama kitse ba tsoka ba. Mace kada ta sauka ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, sai da sa idon likita. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai juna biyu, da mai shayarwa, su fara ganin likita kafin su taɓa wannan lissafi.

Ana maimaita aikin duk bayan kilo huɗu ko biyar, ko kuma idan matsakaicin mako ya tsaya har mako uku a jere. Yanzu ina kilo 82, kuma nan na yi niyyar tsayawa. Rubutuna na wata biyu ya nuna abin da ke riƙe ni a nan bai wuce 2,250 ba, ƙasa da abin da nake ci a da da kusan 400. Na ƙara abincin a hankali, 100 duk mako, har sikeli ya daina sauka.