Kurakuran masu bin gaɓar Misisipi da motar gida

Duk shekara da zafi ya kama a Amurka, sai an samu wani cikin 'yan uwanmu mazauna Minnesota ko Shikago ya ce zai kwashi iyali, ya ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda suke ce wa RV, ya bi gaɓar kogin Misisipi. Shawarar ba ta da laifi. Hanyar da ake kira Great River Road, wadda aka assasa tun 1938, ta taso ne daga tafkin Itasca a arewacin Minnesota, inda kogin yake ɗan rafi har yara na tsallake shi a kan duwatsu, ta ratsa jihohi 10 zuwa Luwiziyana, tafiyar kusan mil 3,000. Amma yawanci da ƙorafi iri ɗaya suke dawowa, ni ma kuma na sha nawa rabon.

Tushen matsalar shi ne mutum ya zauna a kujerar direba yana ganin ƙaramar motarsa ce aka ƙara wa tsawo. Daga nan lissafin lokaci yake ɓaci. Waya za ta ce awa huɗu, kai kuwa sai ka yi shida. Hanyar ba titi ɗaya ba ce, tituna ne aka harhaɗa, kana bin koren allo mai zanen sitiyarin jirgin ruwa, kuma duk ƙauyen da ka shiga gudu zai sauka daga mil 55 zuwa 30 ko 25. Kada ka yi wasa da allon nan, ɗan sandan ƙauye ba shi da wani aikin da ya wuce jiranka. Gyaran mai sauƙi ne: kada ka wuce mil 150 zuwa 200 a rana, ka isa masauki kafin la'asar. Da almuru barewa ke fitowa titi, ajiye wannan ƙatuwar mota da baya cikin duhu kuma ya sha haɗa miji da mata faɗa. In mako ɗaya gare ka, manta da Luwiziyana. Tsakanin garin Red Wing na Minnesota da Dubuque na Iowa kaɗai ya ishe ka: ga tafkin Pepin, ga cibiyar gaggafa a Wabasha, ga tsaunukan da suka saka kogin a tsakiya.

Sai tsayin motar. Tambayi mutum goma da suka ɗauki haya ƙafa nawa ce motarsu daga ƙasa zuwa kan na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufi, da wuya biyu su ba ka amsa. Matsakaiciya takan kai ƙafa 11 zuwa 12, manyan kuma su haura 13. Layin dogo yana bin gaɓar kogin ta ɓangarorin biyu, kuma sau da yawa hanyar gangarawa bakin ruwa ta ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin ƙasa take bi. Taswirar Google ba ruwanta da tsayinka. Rubuta adadin a takarda da manyan lambobi, ka manna kusa da sitiyari, ka sa manhajar da ake shigar wa tsayi da nauyin mota. Ka kuma karanta yarjejeniyar haya da kyau, domin sau da yawa inshorar ba ta biyan ɓarnar rufi.

Haka nan gindin motar. Abin da ke bayan tayar baya yana da tsawo, in ka karya kwana sai ya yi waje ya shafi abin da ke gefe. Ni a gidan mai na koyi wannan darasi, a jikin wani turken ƙarfe mai ruwan ɗorawa, kuma kuɗin ajiyata ne ya tafi. Garuruwa irin su Alma a Wiskonsin, mai tituna biyu matse tsakanin dutse da kogi, ko Galena a Ilinoi da hawa da gangarenta, an gina su ne zamanin keken doki. Ajiye motar a bakin gari ku shiga da ƙafa. In za ka gangaro daga kan tsauni, sa ƙaramar giya tun daga sama. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki har ƙasa zai ji ƙaurinsa.

Wajen zaɓen masauki, ido kan ruɗi mutum. Kowa so yake ya buɗe taga ya ga ruwa. Wuraren kwana na rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ke kula da madatsun kogin, suna da arha da tsabta, ana kama wuri ta shafin Recreation.gov, amma da yawansu a fadama suke. Daga Afrilu zuwa Yuni kogin kan cika a rufe su. A 2019 ruwa ya fasa shinge ya shiga tsakiyar birnin Davenport na jihar Iowa. Buga waya ka tambaya kafin ka taso, ko da ka riga ka biya. Duba taswira kuma ka ga ina layin dogo yake, saboda jiragen kaya ba su san dare ba, kuma dole su busa ƙaho a yawancin mahaɗun titi da layin dogo. Mai jariri ya nemi masauki a kan tudu. Tsakiyar bazararsu kuma, wajen garin La Crosse na Wiskonsin, wasu ƙwari masu kama da gina kan fito daga kogin dare ɗaya, da yawan da har na'urar hasashen yanayi kan hango su, wani lokaci sai an kawo motar kwashe dusar ƙanƙara ta share gada. Ba sa cizo, haske kawai suke bi, don haka kashe fitilar waje. Sauro kam yana cizo.

Yanzu ga maganar da ba a so a yi. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Sababbin shiga kan haɗa tiyo a masauki su bar bakin tankin bayan gida a buɗe, wai don kada ya cika. Sai ruwan ya tsiyaye, sauran ya taru ya daskare, daga nan sai wari da neman mai gyara. Bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, ka buɗe shi da farko, sannan ka saki ruwan wanka ya ɗauraye tiyon. Mu masu buta a nan mun yi dace, domin tankin bayan gida ruwa yake so. Illar kawai, iyali mai alwala sau biyar kan cika tankuna da wuri fiye da yadda mai ba da haya ya faɗa, don haka a yi alwalar a famfon waje in da hali. Kada ka manta da daidaita motar in ta tsaya, firjin da ke aiki da gas ba ya son karkata. Rumfar gefe kuma a naɗe ta kafin barci, iskar hadari ɗaya ta isa ta yage ta.

Kuɗin mai ma a lissafa shi tun daga gida. Galan ɗaya, wato kusan lita 3.8, mil 8 zuwa 10 yake kai ka, kuma kamfanoni da yawa suna cajin kowane mil daban.

Abinci kuwa, kada ka dogara da ƙauyukan. Naman alade yana ɓuya inda ba ka zata ba, cikin wake, cikin miya, har a man da aka yi wasu kayan fulawa da shi. Cika firji da naman halal a shagunan Somaliyawa na Minneapolis kafin ka kama hanya. In kuna ɓangaren Iowa ranar Juma'a, Cedar Rapids ba ta kai awa biyu daga Dubuque ba. Akwai tsohuwar al'ummar Musulmi a can, da masallacin da aka gina tun 1934. A sauran wuraren, nemi soyayyen tarwaɗa, kusan duk gidan abincin bakin kogi yana da shi, sai dai ka tambayi mai kawo abincin da wane mai aka soya.