Yadda za ka rage tumbi da keke ba tare da ka kashe gwiwarka ba

Ni dai abin da ya kai ni ga keke tumbi ne, ba wani son wasanni ba. Wando ya daina shiga, in na hau bene hawa biyu sai na tsaya ina haki kamar wanda aka koro, shi ne na je na jawo tsohuwar Phoenix ɗin babanmu daga bayan ɗaki, na kai wa mai gyara ya sauya mata taya da kaca. To ga abin da na koya, wanda zai fara ya ɗauka.

Kafin komai duba keken. Ba sai ka sayi na 'yan tsere mai tsada ba, ɗan Kwatano mai giya ma ya isa, kai ko irin tamu ta da mai kariya a baya. Abin dubawa birki gaba da baya, iskar taya, sai kaca a ɗiga mata mai. Amma babban abin da mutane ke raina wa shi ne tsayin sirdi, kuma nan na sha wuya. Satin farko gwiwata ta dinga ciwo har na ce keke ba na manya ba ne, ashe sirdin ne ya yi ƙasa, ina tuƙi a tsugune kamar mai wanki. Mai faci ne ya kalle ni ya ce, Alhaji ai wannan hawan yara kake yi. Yadda ake gwadawa: ka hau ka jingina da bango, ka ɗora dunduniyarka a kan feda ka sauke ta can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to daidai kenan. In kuma kana tuƙi ƙugunka na karkata dama da hagu, ya yi sama da yawa, sauke shi kaɗan.

Yanzu maganar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki da wanda jiki ke ƙonawa. Lissafin ya danganta da nauyinka da saurinka. Mutum mai kilo 70 in yana tafiyar shan iska, ƙasa da kilomita 16 a awa, yana ƙona wajen kalori 280 a awa ɗaya. In ya ƙara wuta zuwa kilomita 16 zuwa 19 a awa abin ya kai kusan 480, in kuma ya kai 20 zuwa 22 to wajen 560 ne. Mai jiki ya fi ƙonawa, mai kilo 90 ko a tafiyar shan iskar yana kaiwa 360. Hawa tudu ko tuƙi iska na bugo ka ta gaba duk suna ƙara lissafin, gangara kuwa da ka saki feda kana jin daɗi, wannan hutu ne kawai kar ka saka shi a lissafi.

To ga inda ake yin asara. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. In kana yin rabin awa kwana biyar a sati a hankali, kalori 700 kenan a sati, ka ga kafin kilo ɗaya ya tafi sai an yi kusan sati 11, in har cin abincinka bai ƙaru ba. Shi kuwa yakan ƙaru wallahi, don keke na buɗe ciki. Ni da na dawo sai in zarce wajen mai shayi, biredi da ƙwai uku da shayi mai kauri, da rana kuma lemon kwalba mai sanyi wai ai na motsa jiki. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana ɗauke da kalori wajen 210, wato tuƙin minti 45 ka shanye shi a tsaye a bakin shago. Wata guda na yi sikeli bai motsa ba sai da na bar lemon na koma ruwa, na rage sukarin shayi, na rage malmalar dare. Ba yunwa za ka zauna da ita ba, ka ci abincinka yadda ka saba, kawai kar ka biya kanka lada da ci.

Nawa za ka yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici. Kar ka ce ranar farko za ka cike shi. Fara da minti 15 ko 20 sau uku a sati, duk sati ka ƙara minti biyar, cikin wata ɗaya da rabi ka ga kana yin rabin awa ko fiye ba ka ma sani ba. Gane matsakaici ba ya buƙatar agogon zamani: in kana iya hira da na kusa da kai amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, kana kan layi. In ko magana ta gagara ka sassauta. Minti biyar na farko ka tafi a hankali jiki ya ɗau zafi, kuma ka sa giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, ya fi ka sa mai nauyi kana dannawa da ƙarfi, wannan dannawar ce ke cin gwiwa. Mazaunai za su yi tsami kwanakin farko, kowa ya sha wannan, yana wucewa.

Lokaci kuwa, bayan sallar asuba babu kamarsa, gari da sanyi titi babu 'yan adaidaita sahu. Da bazara in ƙarfe tara ta yi ka haƙura, ranar Afrilu ba abokiyar wasa ba ce, kuma ka riƙe gorar ruwa kana kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka. Da hunturu ka sa takunkumi saboda ƙura, musamman mai asma. Da azumi ni nakan bari sai bayan tarawi, ko in yi ɗan kaɗan dab da shan ruwa. In da duhu za ka fita ka sa fitila gaba da baya da riga mai haske, ka sa hular kwano ko za a yi maka dariya a majalisa, kuma ka naɗe ƙafar wando ta dama, kaca ta taɓa cinye min sabon yadi. Matan da ba za su hau a titi ba akwai keken motsa jiki na girke a ɗaki, aikinsu ɗaya a jiki, iska ce kawai babu.

Abin da ya ba ni mamaki, tun kafin tumbin ya fara sauka wasu abubuwan suka gyaru. Barci nake yi kamar an yi min duka, hakin bene ya ragu, kuma in na fito da damuwa a kai kafin in zagayo ta bayan gari in ga gonaki rabinta ta zube. Motsa jiki a kai a kai yana taimakawa wajen saukar da hawan jini da daidaita suga, yana ƙarfafa zuciya, kuma hawan keke ya fi gudu da ƙafa sauƙi ga mai ƙiba tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin ba gwiwa ba. Sai dai mai ciwon zuciya ko hawan jini ko suga ya fara ganin likita kafin ya hau, kar ya ajiye maganinsa don ya fara keke, mai suga kuma ya sa dabino biyu uku a aljihu ko sugan zai faɗi a hanya. In ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri na ɗibarka, sauka nan take ka nemi asibiti.

In ka samu aboki ku riƙa fita tare, don ranar da sanyi ya danne ka a bargo shi zai zo yana buga maka ƙararrawa a ƙofar gida.