Yadda ake auna ƙarfin jan duniya da lissafa nauyin abu

A maganar yau da kullum, idan aka ce abu kilo biyar ne, nauyinsa ake nufi. A kimiyyar fiziks kuwa kilo da nauyi abubuwa biyu ne mabambanta. Kilogiram yana auna mas, wato yawan abin da jikin ya ƙunsa, kuma ba ya canzawa ko'ina aka kai shi. Nauyi shi ne ƙarfin da duniya ke janyo abin da shi zuwa tsakiyarta, da niyuton (N) ake auna shi. Wasu na kiran wannan ja maganaɗisun ƙasa, sai dai sunan na ɓatar da mutum, domin katako da ruwa ma ana janyo su.

Ƙa'idar ita ce: nauyi = mas × g. Harafin g yana nufin ƙarfin ja a kan kowane kilogiram ɗaya, kuma a doron duniya kusan 9.8 N ne.

Don ka gwada da kanka, nemi sikeli mai sifirin (naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai miƙewa in an ja ta) da ke karanta 0 zuwa 10 N, da ƙugiyar ɗora kaya, da ƙarafan awo na giram 100 kowanne. Rataye sikelin ya tsaya a miƙe, ka duba allurar tana kan sifili kafin ka ɗora komai. Rataya giram 100, jira ya daina lilo, ka karanta idonka daidai da allurar, ka rubuta. Ci gaba da ƙarawa har giram 800. Mayar da kowane adadi kilogiram (giram 300 shi ne 0.3), sannan ka raba nauyin da mas ɗin. Giram 500 zai ba ka kusan 4.9 N, in ka raba da 0.5 ka sami 9.8. In ka zana giraf, mas a kwance, nauyi a tsaye, za ka ga miƙaƙƙen layi da ya taso daga sifili, gangarensa shi ne g.

Mafi yawan kuskure daga mantuwar mayar da giram kilogiram yake fitowa, sai amsa ta zama 0.0098. In layin ya miƙe amma bai bi ta sifili ba, ko dai allurar ba ta kan sifili tun farko, ko ba a lissafa mas ɗin ƙugiyar ba. In ya lanƙwashe daga sama, an ja sifirin fiye da kima, watakila ma ya lalace. Kada ka dogara da awon giram 100 shi kaɗai: sikelin da ke tafiya 0.1 N zai nuna 1.0 maimakon 0.98, g ya fito 10. Manyan ƙarafan sun fi ba da amsa ta kusa da gaskiya.

Da ka san g na wuri, sauran ninkawa ce. Mutum mai kilogiram 60 nauyinsa 588 N ne a duniya. A duniyar wata, inda g yake 1.6, 96 N ne. A duniyar Mars mai 3.7, 222 N. Sikelin da ake hawa a tsaya kai zai nuna masa kusan kilo 10 a duniyar wata, saboda ƙarfi yake ji, an kuma daidaita shi da g na duniya. Mizani mai faranti biyu ba zai ruɗu ba, tunda jan ya ragu a ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Ko a duniyar nan g ba ɗaya ba ne: kusan 9.78 a layin ikwaita (layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu), 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu, saboda duniya ta ɗan kumbura a tsakiya, tana kuma juyawa. Nisa ma na rage shi. In aka ninka nisa daga tsakiyar duniya sau biyu, g zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 a sama, g a can kusan 8.7 ne. Shawagin da ake gani 'yan sama jannati na yi a cikinta ya faru ne domin su da tashar suna faɗuwa tare suna kewaya duniya, don haka sikeli mai sifirin zai nuna sifili a can.