Yadda za ka ba da samfurin gwajin PCR don sakamako ya fito daidai

Idan likita ya rubuta maka PCR, to ka sani ba ƙwayar cutar ake leƙawa a madubin likita ba, ƙwayoyin halittarta ake farauta, DNA ko RNA, inji ya kama ɗan guntu ya dinga ninka shi, kowane zagaye ya zama biyu, kafin zagaye 30 ya kai kwafi wajen biliyan ɗaya. Tun 1983 wani masanin kimiyya, Kary Mullis, ya ƙirƙiro dabarar. Amma fa injin ba ya ninka abin da babu, shi ya sa nake damuwa da yadda mutane ke ba da samfur.

Mu ɗauki tarin fuka, wato tibi. Kaki ake so, wanda ya fito daga can cikin ƙirji, ba yawu ba. Ka kurkure baki da ruwa zalla, ka fita waje inda iska ke kaɗawa ba mutane, ka ja numfashi sosai sau biyu ko uku, sannan ka yi tari mai ƙarfi ka tofa a cikin robar da aka ba ka, kar yatsanka ya taɓa cikinta, ka rufe gam ka duba an rubuta sunanka, ka kai nan take. Injin GeneXpert mai yin wannan gwajin PCR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, cikin awa biyu yake faɗa ko akwai tibi, har ya nuna ko ƙwayar ta fi ƙarfin maganin tibi mai suna rifampicin, alhali in rainon ƙwayar za a yi a lab sai a kwashe makonni.

Jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da HIV kuwa, PCR ɗin nan ake masa a sati 4 zuwa 6 da haihuwa, don gwajin da aka saba yi zai iya nuna garkuwar uwa a jininsa har wata 18, iyaye mata don Allah kar a tsallake ranar nan.

Sakamako in ya fito ka kai wa likita, kar ka fassara da kanka. Ka gaya masa in ka taɓa shan maganin tibi, saboda gawar ƙwayar ma tana iya sa a ga akwai, kuma in an ce babu amma tari da zazzaɓi da rama ba su daina ba, ka koma a sake ɗaukar wani samfurin.