Yadda Ake Shirya Tafiya Kasuwannin Kirsimeti na Jamus da Maƙwabtanta

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin matafiya shi ne zaton cewa kasuwar Kirsimeti ranar Kirsimeti take ci. A Jamus kasuwa ce ta kwanakin jiran bikin, makonni huɗun da Kiristoci ke kira Advent, waɗanda ke farawa ranar Lahadin da ta faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Kamar kasuwar jajibirin salla take, da ranar ta zo kowa ya watse gida. Yawancin rumfunan ranar 23 ko 24 ga Disamba ake kwashe su. Ta Nuremberg ƙarfe biyu na rana take tashi ranar 24, sannan 25 da 26 hutu ne a duk ƙasar, shaguna a kulle. Wanda jirginsa ya sauka Frankfurt da yammacin 24 ga wata, kasuwa ta riga ta tashi.

Saboda haka ka sa tafiyarka a mako na farko ko na biyu na Disamba, kuma ka yi ƙoƙari kwanakin yawonka su faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Daren Juma'a da Asabar cunkoso kan kai inda ba ka iya tsayawa gaban rumfa ka duba kaya. In kuwa hutunka sai bayan 25 ga wata, ka karkata zuwa Prague, babban birnin ƙasar Cek, ko kasuwar fadar Schönbrunn a Vienna ta Ostiriya, domin su suna kaiwa farkon Janairu. Ranakun buɗewa da rufewa suna ɗan motsawa kowace shekara, don haka ka duba shafin hukumar birnin kafin ka biya kuɗin jirgi.

Wane gari?

Gari biyu ko uku sun isa tafiyar mako guda. Kayan rumfunan suna kama da juna ƙwarai, wanda ya ce sai ya taka gari bakwai zai ƙare hutunsa a tashar jirgin ƙasa yana jan akwati cikin sanyi.

Nuremberg ita ce ta fara zuwa ga baƙon da bai taɓa gani ba. Kasuwarta tana filin Hauptmarkt, rumfunan katako masu rufin yadi ja da fari, kuma ana buɗe ta ranar Juma'ar da ke zuwa kafin Lahadin farko ta Advent, lokacin da wata budurwa da aka zaɓa, sanye da kambi da riga ruwan zinare, take karanta jawabin buɗewa daga benen cocin Frauenkirche. Daga Frankfurt tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin ƙasa mai sauri.

Dresden ke da tsohon tarihi: kasuwarta, Striezelmarkt, tun 1434 take ci. Mai neman aikin hannu na gaske nan ya kamata ya nufa, don masu sassaƙar katako na tsaunukan Erzgebirge maƙwabtanta ne. Sai dai tana can gabas, daga Nuremberg sai ka ware rabin yini. Strasbourg kuwa a Faransa take, a bakin iyakar Jamus, kasuwarta ta faro a 1570. Ba wuri ɗaya take ba, a warwatse take a filaye da dama na tsohon gari, da katafariyar bishiyar ado mai kusan mita 30 a filin Kléber. Daga nan zuwa Colmar, wani garin Faransa da shi ma yake da kasuwarsa, rabin awa ne a jirgin ƙasa, ka je da safe ka dawo da dare, ba sai ka sake otal ba. Haɗin da ya fi sauƙi ga mai sauka Frankfurt shi ne kwana uku a Nuremberg, uku a Strasbourg.

Biza

Jamus, Faransa, Ostiriya da Cek duk biza ɗaya ce ta Schengen ke shiga da kai. Ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu da ba a buga komai ba, wanda kuma zai ƙara wata uku da rai bayan ranar fitowarka. Doka ta ba ka damar miƙa takardu tun saura wata shida, duba su kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Abin da ke kayar da mutane shi ne samun ranar ganawa, don haka mai son tafiyar Disamba ya fara nema tun Agusta ko Satumba. Otal ma a lokacin ake kamawa, wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba.

Sanyi da gajeren yini

Sanyin hunturunmu busasshe ne, da hantsi ya ɗaga sai ya sake ka. Na can mai danshi ne, yakan tsaya kusa da sifili yini guda, kuma a tsaye za ka wuni a kan daɓen dutse. Ta ƙafa yake shiga. Ka nemi takalmi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya ratsawa, ya ɗan fi ƙafarka girma yadda zai ɗauki safar ulu ba tare da ya matse ba. Takalmin da ya matse yana tare jini, ƙafa ta fi saurin daskarewa. A jiki hawa uku: ta ciki mai kama jiki ta ulu ko ta zaren roba, sai suwaita, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Kada ta cikin ta zama ta auduga, don auduga tana riƙe gumi, in ka fito daga ɗumin jirgin ƙasa sai ta yi sanyi a jikinka. Hula mai rufe kunne da safar hannu dole ne. Waya kuma a aljihun ciki, sanyi yana zuƙe caji.

Agogon Jamus da Faransa a Disamba daidai yake da na Najeriya da Nijar, ba sai ka juya komai ba. Amma rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe huɗu da huɗu da rabi. Ga mai salla, azahar, la'asar da magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu zuwa biyar, sai a kama otal kusa da tsakiyar gari ko a san masallacin da ke kusa tun da safe. Lokacin da ya fi daɗin shiga kasuwa wajen ƙarfe uku ne: ka ga kaya da hasken rana, ka ga an kunna fitilu, ka fice kafin masu tashi daga aiki su cika wurin.

Abin ci da abin sha

Nan ne ake bukatar buɗe ido, musamman ga Musulmi da duk wanda ba ya shan giya. Abin shan da za ka gani a hannun kusan kowa, mai tururi da ƙamshin kirfa da kanumfari, shi ne Glühwein, kuma giyar inabi ce da aka ɗumama. Ɗumamawar ba ta kore barasar ba. A Faransa sunansa vin chaud. Wanda ba shi da barasa shi ne Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace mai zafi da kayan ƙamshi, yawanci a rumfa ɗaya ake sayar da su. Ka haddace kalmomi biyu: "alkoholfrei" na nufin babu barasa, "mit Schuss" na nufin an tsiyaya giya mai ƙarfi a ciki, ko da koko ne ko shayi. Eierpunsch da Feuerzangenbowle duk na giya ne. A Ostiriya in an rubuta Punsch kawai, shi ma na giya ne.

Gasasshen naman da ƙamshinsa ya cika kasuwa, Bratwurst, yawanci na alade ne, haka ƙananan nan na Nuremberg da ake jera uku cikin burodi. Flammkuchen, wani siririn gasasshen burodi da ake kira tarte flambée a Strasbourg, da guntayen naman alade ake yin sa sai in ka nemi marar nama. Abin da ya fi kwanciyar hankali: gasasshen kifin salmon da ake kafewa a katako a gefen wuta, gasasshen ƙwallon itacen chestnut da suke kira Maroni, almon da aka soya da sukari, da wainar dankalin turawa mai suna Reibekuchen. Ga duk abin da aka soya, ka tambayi irin man, don kalmar Schweineschmalz kitsen alade take nufi. Burodin Stollen na Dresden sau da yawa zabibinsa an jiƙa shi da giyar rum, ka karanta jikin kwalin kafin ka sayo tsaraba.

Kada ka yi mamaki in an caje ka fiye da abin da ke rubuce a allo. Kofin tangaran ɗin da ake zuba maka yana da kuɗin ajiya, Pfand, galibi Yuro 3 zuwa 5. In ka mayar da kofin a ba ka kuɗinka. Wasu rumfunan suna haɗa maka da ɗan kwabon roba, in ya ɓace ba za su karɓi kofin ba. In kuma kana son kofin, ka tafi da shi, ka riga ka biya.

Kuɗi, tsaraba da jirgin ƙasa

Rumfuna da yawa tsabar kuɗi suke karɓa. Ka riƙe ƙananan takardu na Yuro 5, 10 da 20 da sulalla, har ban ɗaki ana biyan rabin Yuro zuwa Yuro ɗaya. A Prague kuɗinsu koruna ne, ba Yuro ba. Walat a aljihun ciki, don masu yankan aljihu cunkoso suke bi. Tun bayan harin da aka kai kasuwar Berlin a Disamban 2016 da na Strasbourg a Disamban 2018 an tsaurara tsaro, za ka ga shingaye da 'yan sanda, ana iya buɗe jakarka. Ka bar babban akwati a otal ko a akwatunan ajiya na tasha, kuma kada ka riƙe ko da 'yar wuƙar aljihu.

Wajen tsaraba, ba duk abin katako ne aikin hannu ba. Na Erzgebirge na gaske yana ɗauke da tambarin masana'antar da ta yi shi, kuma yana da tsada, in ka ga araha ta yi yawa to na inji ne. A Nuremberg ka nemi Elisenlebkuchen, shi ne mafi daraja a cikin biskit ɗinsu mai kayan ƙamshi: aƙalla kashi 25 cikin ɗari almon ne da danginsa, fulawa ba ta wuce kashi 10. Na cikin gwangwani ya fi jure tafiya. Ƙwallon gilashi na ado mai ruwa a ciki a babban akwati ake sa shi, a naɗe da suwaita, don masu bincike a filin jirgi ruwa suke ɗaukarsa. Fitilun ado kuma filoginsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, a Najeriya sai da adafta.

Tikiti mai rahusa na Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasan Jamus, Sparpreis, na jirgin da aka rubuta ne kaɗai, in ka makara ya wuce da kuɗinka. Kujera daban ake kama ta, kuma a Disamba ta cancanci 'yan Yuron da za ka ƙara, in ba haka ba kana iya yin awa biyu a tsaye. Duk inda akwai canjin jirgi ka bar aƙalla minti 20 a tsakani, kuma daren ƙarshe ka kwana a garin da jirgin samanka zai tashi.